Babbar Riga Ko Kwat: Wanne Ya Fi Dacewa Da Kujerar Jirgi?

A jirgin safe da ke tashi daga filin Malam Aminu Kano zuwa Abuja, ba a rasa mutum biyun nan: Alhaji cikin shadda gezna da ta sha bugu, zanna bukar a ka, da kuma lauya ko ma'aikacin banki ya ɗame cikin kwat da laktaye. Tafiyar ba ta wuce awa guda, kuma kowannensu daga sauka sai ɗakin taro, babu damar canza kaya. To, wa ya fi more tafiyar?

A wurin bincike mai kwat ne ke fara shan aiki. Ya tuɓe kwat, ya zare bel saboda ƙarfen kansa, ya wuce yana riƙe da ƙugun wando. Alhaji kuwa mazagi ne ya ɗaure masa wando, na'ura ba ruwanta da shi, illa dai sau da yawa yalwar rigar kan sa jami'i ya laluba shi da hannu. Ga aljihun gaba, wanda waya da carbi da makulli duk suna ciki, sai an zazzage su a faranti.

Da an zauna sai reshe ya juye da mujiya. Faɗin kujerar gama-gari bai wuce inci 17 zuwa 18 ba, ita kuwa babbar riga an ɗinka ta ne don fili, mutum ya tafi yana naɗe hannuwa a kafaɗa. A nan sai ta malala kan maƙwabci, a yi ta “yi haƙuri, ranka ya daɗe”. Bel ɗin kujera ya danne gaban riga, sitaci ya kakkarye, a sauka bayan riga duk ya yamutse. Banɗakin jirgi kuwa, wanda ya taɓa gwada alwala a ciki da babbar riga ya san abin da nake nufi. Kwat ta ulu mai kyau tana jure zama, kuma aljihunta na ciki ya fi komai dacewa da fasfo da tikiti. Nan kam ta ci, ba gardama.

Doguwar tafiya ce ke tona asirin kwat. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da ke zuwa Guangzhou, musamman lokacin baje kolin Canton na Afrilu da Oktoba, da yawansu ta Addis Ababa suke bi, birnin da ke bisa tudun da ya haura mita 2,300, inda sanyin dare ke ratsa ƙashi. Daga can kuma zaman wajen awa goma. Likitoci na gargaɗin cewa zama wuri guda fiye da awa huɗu na ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, shi ya sa suke son kaya masu sakewa da yawan motsa ƙafa. Laktaye a wuya, bel a ciki, ga sau-ciki ya matse ƙafar da ta kumbura: wannan horo ne.

Abin da ya sa na fi karkata ga namu shi ne, kayan babbar riga uku ne: riga, 'yar ciki da wando. Ka tuɓe ta sama, ka rage cikin kaftani, mutuncinka cikakke, ka shiga ko wane ofis. Sai a hau jirgi da kaftanin, a ɗora rigar sanyi idan tafiyar dare ce. Ita kuma babbar rigar a ninke ta bisa karin da masu bugu suka yi mata, a sa a jakar hannu, domin akwatin da aka auna kan iya kwana a Addis alhali taron na gobe da safe ne.