Adon Gefen Hoto: Abin Lura Kafin A Sa Takardar Shaida A Firam

Duk wanda ya saba shiga ofisoshi da zauruka a ƙasar Gumel, watau ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ya san da wuya a ga bango babu hoton Sarki, ko na Gwamna, ko takardar shaidar ilimi rataye a cikin firam. Akasarin mutane suna zaɓen firam ne don kyawun gefensa kawai, alhali kuwa wannan zaɓi shi ne zai sa takarda ta shekara hamsin garau, ko kuwa ta lalace cikin damina biyu.

Ƙawata gefen rubutu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan hoto, in almajiri ya sauke Alƙur'ani akan yi wa allonsa zayyana, a kewaye rubutun da zane na baƙar tawada da ja da rawaya da kore. Mai zayyana yakan bar rubutun ya fito sarai, adon kuwa ya tsaya a matsayin rakiya. Wannan ƙa'ida ita ce ya kamata mai haɗa firam ya bi.

Abu na farko shi ne kwalin gefe, wanda akan yanke tsakiyarsa kamar taga a ɗora bisa hoto. Amfaninsa ya wuce ado, domin shi ne ke hana takarda taɓa gilashi. Da damina, laima kan taru a cikin gilashi, kuma hoton da ya jingina da shi sai ya manne, in an zo cirewa fuskarsa ta saluɓe. Sai dai ba kowane kwali ne ya dace ba. Kwalin katan yana ɗauke da sinadari mai tsami wanda kan ƙona takarda sannu a hankali, har gefenta ya koma ruwan ƙasa. Wanda aka yi da auduga, ko aka cire masa tsamin, shi ya fi aminci. Wajen launi, fari ko ruwan madara ya fi dacewa da takardar shaida, kuma faɗin inci 2 zuwa 3 ya wadatar.

Sai kuma gefen firam kansa. Katako yana da kwarjini, amma gara ba ta raga masa, musamman a jikin bangon ƙasa. Na alminiyam ya tsira daga gara, ga shi ba nauyi. Na roba mai ruwan zinariya, irin wanda 'yan talla kan zagaya da shi ranar kasuwa, kamar ta Maigatari da ke ci ran Alhamis, yana da araha, amma zafin bazara kan sa shi ya banƙare, kusurwoyinsa su buɗe, ƙurar hunturu ta sami hanya. Saboda haka lalle ne a rufe bayan firam ruf da takarda mai ƙarfi, kada kuma a shafa gam ko a manna salatif a jikin hoton, domin tabonsu ba ya fita.

Wannan magana ta fi shafar ma'aikata da ɗalibai. Tsofaffin ma'aikata da yawa sun karɓi takardunsu tun wannan yanki yana cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, kuma neman madadin irinsu aiki ne ja. Haka nan ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel su sani cewa liƙe takarda cikin leda da na'ura mai zafi ba ya warwaruwa, har ma akwai hukumomin da ba sa karɓar wadda aka yi wa haka. Abin da ya fi shi ne a rataye kwafi a bango, nesa da hasken rana mai kashe tawada, a adana ta asali a shimfiɗe cikin fayil a wuri busasshe. Rigakafi dai ya fi magani.