Yaron Da Ya San Gatse Bai Kamata Shakespeare Ya Gagare Shi Ba

Idan sakamakon WAEC ya fito, idon yawancin iyaye kan Turanci da Lissafi yake fara sauka. Sai lokacin neman gurbin jami'a ake tuna akwai wani darasi, Adabin Turanci, wanda yara ke kira Litirecha. Yarinyar da take burin zama lauya, in ba ta samu kiredit a cikinsa ba, galibin jami'o'in ƙasar nan ba za su ba ta Shari'a ba. Haka ma mai son karanta Turanci. Duk da haka, a gida babu darasin da aka bar yaro shi kaɗai da shi kamar wannan, don uwa na ganin ita ba ta da abin cewa a kan wani Bature da ya mutu tun 1616.

Ni kuwa ina ganin tana da shi, har fiye da yadda take zato.

Mu duba abin da ake ɗora wa yaran. Hukumar WAEC tana sauya littattafai duk shekara biyar, amma ba ta raba manhaja da wasan William Shakespeare guda ɗaya. Daga 2016 zuwa 2020 Othello aka yi, daga 2021 zuwa 2025 kuma A Midsummer Night's Dream. A wannan zango na biyu har da Wuthering Heights na Emily Brontë, wanda ya fito a 1847, da waƙoƙin John Donne da T. S. Eliot da Dylan Thomas, gefe guda ga marubutan Afirka irin su Wole Soyinka da Buchi Emecheta. Takarda ta farko ta zaɓi-amsa ce, tambaya 50. A cikinta ake tsinko magana daga wasan Shakespeare a ce wa ya faɗa, wa ya faɗa wa, me ya sa. A cikinta kuma ake kawo waƙa da guntun labari da yaro bai taɓa gani ba, a ce ya nuno adon harshen da ke ciki.

A nan hadda take ƙarewa. A makarantu da yawa, musamman inda aji ya cika maƙil kuma littafi ɗaya ke yawo tsakanin yara biyar, malami kan rubuta ma'anar simili da metafo a allo, yara su kwafa su haddace. Sannan a sayi ɗan ƙaramin littafin taƙaita labari a kasuwa, shi ke nan an gama Shakespeare. Mu ma'aikatan jinya mun san iyakar irin wannan karatu. Kina iya haddace alamomin ƙarancin jini tsaf, amma sai kin buɗe idon mai juna biyu kin ga fari fat, kin duba tafin hannunta, sannan ilimin ya zauna. Adon harshe ma haka yake, sai an gan shi yana aiki a bakin mutum.

Kuma ɗan Bahaushe tun yana goye yake jin sa. Ya fasa kwano, uwa ta ce "sannu da aiki": gatse ke nan, a faɗi magana ana nufin kishiyarta, kuma babu yaron da zai amsa da "yawwa". "Na kira ka sau dubu" kambamawa ce. "Baƙi kamar gawayi" kamance ne. A cire "kamar" a ce "wane ai zaki ne", ya zama siffantawa. "Barci ɓarawo" ko "yunwa ta kama ni" mutuntarwa ce, an ba abin da ba mutum ba hannu da dabara. A asibiti ba ma cewa ya mutu, sai "rai ya yi halinsa". Sakaya zance ke nan. Masana irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo sun daɗe da tsara waɗannan sunaye a nazarin waƙar Hausa, kuma ana koyar da su a darasin Hausa na sakandare. Abin mamaki, sau da yawa malamin Hausa da malamin Adabin Turanci ofis ɗaya suke zama, abu ɗaya suke koyarwa da suna biyu, amma yaro ya gama makaranta babu wanda ya ce masa siffantawa ita ce metafo.

Su kansu labaran ba baƙi ba ne kamar yadda bangon littafin ke nunawa. A Midsummer Night's Dream ya buɗe ne da uba, Egeus, ya kai ƙarar 'yarsa Hermia gaban mai mulkin Atina saboda ta ƙi wanda ya zaɓa mata, tana son Lysander. Aka shimfiɗa mata zaɓi: ta bi uba, ko a kashe ta, ko ta ƙare rayuwarta babu aure. Wace 'yar aji biyar ce ba ta da ra'ayi a kan auren dole? A Wuthering Heights, dattijo Earnshaw ya tsinto yaro a titin Libaful ya kawo gida, ya fifita shi a kan ɗan cikinsa. Da dattijon ya rasu, ɗan gida Hindley ya mayar da ɗan riƙo bara, shi kuma Heathcliff ya girma da ƙullin ramuwa wanda ya ci gida biyu har 'ya'yansu. Duk wanda ya ga yadda ake yi wa wasu marayu da agololi ya san inda labarin ya dosa. Marubuciyar ma shekara ɗaya ta yi bayan fitowar littafin, tarin fuka ya tafi da ita a 1848 tana da shekara 30, cutar da yau muke ba da maganinta kyauta na wata shida.

Othello ya fi su duka sauƙin shiga. Kwamandan soja ne baƙar fata a birnin Benis, ya auri Desdemona ba da son ubanta ba. Na hannun damansa, Iago, ya riƙa ɗiga masa zargi kaɗan-kaɗan, har ya ajiye hankicin matar a ɗakin wani namiji, Cassio. Mai kallo ya san ƙarya ce tun farko, Othello kuwa sai ƙara yaba amanar Iago yake yi. Wannan tazara tsakanin abin da mai kallo ya sani da abin da ɗan wasa bai sani ba tana da suna a jarrabawa, kuma yaran da ke yi wa talabijin ihu suna cewa "kar ki sha, ta sa magani!" a fim ɗin Kannywood sun riga sun san daɗinta. Hankicin kuma alamtarwa ce: ƙyalle ne, amma aure yake ɗauke da shi.

Harshen ne dai ke da wuya, babu amfanin ɓoye wannan. Turancin shekara 400 da suka wuce ne, har yaran Ingila sai da bayani a gefen shafi suke karanta shi. Amma ko a nan akwai inda ɗanmu ya fi su. A zamanin Shakespeare, thou ake ce wa na kusa ko na ƙasa, you kuma ga wanda ake girmamawa. Turancin yau ya zubar da wannan bambanci. Yaron da ya san ba a ce wa kaka "ke" a wasu gidaje sai "ku" zai ji lokacin da ɗan wasa ya sauya daga girmamawa zuwa raini, ko zuwa shaƙuwa, in dai an nuna masa sau ɗaya.

Wasu iyaye suna ɗari-ɗari da littattafan saboda soyayya da aljanu da ruwan furen da ake ɗiga wa mutum a ido ya haukace kan wanda ya fara gani. Damuwar ba ta banza ba ce. Sai dai yarinyar za ta karanta ko da ke ko babu ke, tunda jarrabawa ce. Gara ki ce ta ba ki labarin da Hausa kuna tsinke zogale, ki tambaye ta wa ke da gaskiya, Hermia ko ubanta. In ta iya kare ra'ayinta da hujja daga cikin labarin, rabin amsar takardar rubutu ta samu. Abin da za ta faɗa game da zaɓin miji ma, kya so ki ji shi tun yanzu.

Akwai kuma tsani da magabata suka kafa. Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da Twelfth Night zuwa Daren Sha Biyu, Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara Animal Farm na George Orwell da sunan Gandun Dabbobi a 1975. Ba su maye gurbin littafin jarrabawa, don da Turanci za a yi tambaya kuma da shi za a amsa, amma suna cire tsoro. Wasan kwaikwayo kuwa don baki aka rubuta shi. A raba wa yaran gida matsayi bayan sallar isha'i, wannan Iago, wannan Othello, wannan Emilia, a samo tsohon hankici, su karanta fitowa ɗaya da ƙarfi ko da suna tuntuɓe a kalmomin. Wanda ya riƙe matsayin Iago na minti goma ba zai manta wa ya faɗi me ba a zauren jarrabawa.