Abin Da Ke Korar Direban Tasi A Kan Hanya

Duk wanda ya saba shiga tasi, ko a cikin gari ko tsakanin gari da gari, ba ya bukatar a ba shi labarin yadda wasu direbobi ke sarrafa mota. Ya san yadda ake cin birki a tsakiyar titi ba tare da sigina ba, don kawai an hango wani ya ɗaga hannu. Ya san yadda ake ƙetare danja tana ja, da yadda ake shan gaban babbar mota a kan kwana alhali ba a ganin abin da ke tafe. Abin da akasarin fasinjoji ke yi a irin wannan hali shi ne su riƙe kujera su yi ta salati, in Allah Ya sa an sauka lafiya a biya kuɗi kowa ya kama gabansa.

Amma ba kullum ake sauka lafiya ba. Ƙididdigar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta nuna cewa mutanen da suka rasa rayukansu a kan hanyoyin Nijeriya sun haura 5,000 a shekarar 2023, haka kuma suka sake haurawa a 2024. Waɗannan fa su ne waɗanda labarinsu ya kai ga hukuma. Wanda aka kwasa daga bakin hanya aka kai shi ƙauyensu aka yi masa sutura kafin la'asar, ba safai yake shiga lissafi ba. Shekara da shekaru kuma, gudun wuce sa'a shi ne kan gaba cikin dalilan da hukumar ke bayarwa. A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma babu abin da ya fi shi kashe masu shekara 5 zuwa 29, watau daidai tsaran ɗaliban da ke cika tashoshin mota duk lokacin da aka yi hutu.

In an tashi neman mai laifi, direba ake fara nunawa, kuma ba a yi ƙarya ba, domin shi ke riƙe da sitiyari. Sai dai tambayar da ba a cika yi ba ita ce: me ya sa magidanci mai mata da 'ya'ya, wanda shi ne zai fara haɗuwa da ƙarfe in an yi karo, yake tuƙi kamar wanda aka biyo?

Amsar tana cikin kalma ɗaya da kowane ɗan tasha ya sani, watau balas. Da yawa daga cikin direbobin tasi ba su ne masu motocin ba. Mai mota yakan ba direba makulli bisa sharaɗin ya kawo masa kuɗi kaza kowace rana, ko an samu ciniki ko ba a samu ba, ko an yi ruwa ko an yi rana. Wani kuma an ba shi motar ce bashi a kan farashin da ya zarce na kasuwa nesa ba kusa ba, yana biya mako mako, in ya yi fashin biya a karɓe mota, abin da ya zuba a baya kuma ya bi ruwa. Saboda haka direba yakan fito da asuba da bashi a wuyansa. Sai ya fara haɗa balas, ya sayi mai, ya yanki tikitin ƙungiya, ya sallami ɗan kamasho, ya tanadi na miƙawa a shingen hanya, sa'an nan abin da ya rage shi ne na cefane. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Kuɗin mota ya tashi, amma fasinja ya ragu, domin albashi bai bi sawun mai ba.

Mutumin da ke cikin wannan hali, duk wani minti kuɗi ne a wurinsa. A tasha layi ake bi: wanda ya riga isowa shi ke riga yin lodi. Direban da ya tashi daga Unguwa Uku a Kano zuwa Kaduna ba sauke fasinja kaɗai yake tunani ba, yana tunanin motocin da suka tashi tare da shi ne, da wanda zai riga shi rubuta lamba a can. Tsakanin Kano da Kaduna kimanin kilomita 230 ne. Dokar hanya ta ƙayyade wa tasi da bas gudun kilomita 50 a sa'a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya. In ya bi 90, tafiyar za ta ci sa'a biyu da rabi da 'yan mintoci. In ya taka 120, ba za ta cika sa'a biyu ba. Ribarsa minti 38. A idon fasinja wannan ba wani abu ba ne, amma a idon direba yana iya zama bambanci tsakanin samun lodin komawa gida yau da kwana a tasha.

To, me ake saya da minti 38 ɗin nan? Ɗaliban kimiyya sun san cewa ƙarfin da mota ke ɗauke da shi ba ya ƙaruwa daidai da gudunta, ninkuwa yake yi. In an ninka gudu sau biyu, tazarar da mota za ta ci bayan an taka birki takan ninka sau huɗu. Daga 90 zuwa 120, tazarar takan kusa ninkawa biyu. Saniyar da ta faɗo hanya, ko ramin da aka hango a makare, ko tirelar da ta lalace aka bar ta da 'yan ganyaye a bayanta maimakon alama, duk abubuwa ne da mai gudun 90 zai iya kauce musu, mai 120 kuwa sai dai ya ce innalillahi.

A cikin gari lissafin ya fi ban takaici. Tafiyar kilomita 5 a gudun 50 minti shida ce; a gudun 65 ba ta kai biyar ba. Ribar ba ta wuce minti ɗaya da rabi ba, ita ma danjar gaba za ta cinye ta. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tafiya a ƙasa da mota ta buge a gudun 65, haɗarin mutuwarsa ya ninka na wanda aka buge a gudun 50 sau huɗu da rabi. Mai tafiya a ƙasan nan kuwa sau da yawa ɗan makaranta ne, ko yarinya mai talla, ko tsohon da ya fito masallaci.

Balas ɗin nan dai shi ne ke zaunar da mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, cikin motar da aka ƙera domin fasinja huɗu. An saba da abin har ya zama ƙa'ida, wanda yake son ya zauna shi kaɗai a gaba sai ya biya kuɗin mutum biyu. Wani lokaci ma akan ga an raɓa wani a kujerar direba, direban ya karkace yana miƙa hannu ta kan cinyar fasinja kafin ya sa giya, ga but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya har gindin mota yana shafar kwalta. Nauyi yana tsawaita birki, yana zafafa taya, yana kuma sa mota ta ƙi bin sitiyari a kwana. Ban da haka, mutum biyu a kujera ɗaya ba su da bel. Tun ranar 1 ga Janairu, 2003 aka fara tilasta ɗaura bel a ƙasar nan, kuma an tabbatar yana rage haɗarin mutuwar na cikin mota da kusan rabi. Amma abin da aka fi gani shi ne direba ya jawo shi ya rataya a kafaɗa in ya hango jami'ai, ya sake shi da zarar an wuce.

Sai maganar barci, wadda ita ce ba ta barin shaida. In mota ta bar hanya a miƙaƙƙen wuri ta daki bishiya, ba alamar birki a kan kwalta, akan ce ta ƙwace masa. Sau da yawa ba ƙwacewa ta yi ba, idonsa ne ya rufe. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi sa'a 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa sukan ragu kamar na wanda ya sha barasa gwargwadon iyakar da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi da ita. Direban da ya tashi ƙarfe huɗu na asuba ya cika sa'a 17 da tara na dare. Wannan ya kamata ya ja hankalin al'ummar da ke ƙyamar giya: fasinjan da ba zai taɓa yarda mashayi ya ja shi ba, kullum yana shiga motar wanda gajiya ta mayar daidai da mashayin.

Da can goro da shayi mai kauri ake korar barci da su. Daga baya aka shiga gadagi, aka zarce ƙwayoyi irin su tiramol. Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, amma mai tallan magani bai bar bakin tasha ba. Ƙwaya ba ta biyan bashin barci, jinkirta shi take yi, sa'an nan ta ƙara wa mutum jin cewa babu abin da zai gagare shi. Wayar hannu kuma ta zo ta ƙara nata: a gudun 90 mota tana cin mita 25 kowace daƙiƙa, wanda ya duba waya na daƙiƙa uku ya yi tafiyar mita 75 ido rufe.

Game da lafiyar motar ba sai an tsawaita ba. Zamanin da kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, tasi sabuwa ba abin mamaki ba ce. Yau kusan duk tasi ta gama rayuwarta ta fari a Turai kafin ta iso, tayoyinta ma haka. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra tana gargaɗin kada a yi amfani da wadda ta wuce shekara huɗu. Wa zai sayi sabuwa? Mai mota ya ce aikin direba ne, direba ya ce motar ba tasa ba ce, sai a kai wa mai faci.

Ba za a ce hukuma ta naɗe hannu ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a watan Fabrairu na 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, aka kuma sabunta dokarta a 2007. Jihar Kano ta kafa KAROTA a 2012. Daga 1 ga Fabrairu, 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu. Dukan waɗannan sun yi amfani gwargwado. Amma na'urar an saita ta ne a kan gudun babbar hanya, ba ta san mota ta shigo Kwangila ko Kwanar Dangora ba, inda jama'a ke ƙetare titi. Tara kuwa, in ta faɗa kan direba shi kaɗai, takan zama wani sabon bashi a kan balas, wanda zai fita ya nemo da ƙarin gudu da ƙarin fasinja. Wanda ya yanka balas ɗin yana gida, babu mai tambayarsa.

A nan ne maganar ta zo kan ma'aikatan gwamnati, domin ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa cikinsu, da 'yan fansho, sun sayi mota sun ba da haya don rufa wa kai asiri. Ba laifi ba ne. Sai dai wanda ya yanka balas ya kamata ya zauna da alƙalami ya ga sawu nawa direba zai yi kafin ya haɗa kuɗin, da fasinja nawa a kowane sawu, da sa'o'i nawa. In lissafin ba ya fita sai da mutum shida a mota da sa'a goma sha shida a kan sitiyari, to mai motar ne ya rubuta yadda za a tuƙa ta, ko da bai taɓa furtawa ba. Ranar da ta kife kuma, jarinsa ne ya tafi.

Ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda ta kafu tun 1978, tana da abin da babu wata hukuma da ke da shi: tana ganin kowace mota kafin ta tashi. Jami'inta ne ke rubuta lamba, shi ke ƙirga fasinja, ya san direban da ya iso da tsakar dare yake neman lodin asuba, ya kuma san mai jan ido. Littafin da ake rubuta layi a ciki zai iya ɗaukar lokacin tashi da lokacin isa, ta yadda motar da ta zo Kaduna daga Kano cikin ƙasa da sa'a biyu za a mayar da ita ƙarshen layi maimakon a saka mata da lodi. Wannan ba ya bukatar na'ura ko kasafin kuɗi.

Fasinja ma yana da hannu. Akwai masu zugawa, su ce wa direba ya taka domin suna da taro ƙarfe goma. Akwai masu yi wa mai tafiya a hankali ba'a, su ce amalanke suka hau. In kuwa wani ya yi ƙarfin hali ya ce, "Direba, don Allah a rage," sau da yawa ba direban ne ke fara hayayyaƙo masa ba, abokan zamansa ne, da cewa ai kowa da ranarsa. Malamai sun sha bayyana cewa tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. Akwai kuma masu guje wa tasha su tsaya bakin hanya don rangwamen 'yan Nairori, su hau motar da ba a rubuta sunan kowa a cikinta ba. In ta yi haɗari, jami'an da aka kira ta lambar gaggawa ta 122 za su zo su kwashi mutane, amma babu takardar da za su duba su san ko su wane ne, balle su san gidan da za a aika.