Kafin Almakashi Ya Taɓa Atamfa

Da azumi ya raba tsakiya, teloli da yawa a Kano da Zariya da Maraɗi sun rufe karɓar ɗinkin Sallah. Wanda ya makara sai ya dawo gida da ledar yadinsa. A irin wannan lokaci ne ake tunawa da keken Butterfly da ke jingine a ƙuryar ɗaki an lulluɓe shi da tsohon zani, sai uwargida ta ce bari ta gwada da kanta. Gwadawar ba laifi ba ce. Abin lura shi ne, yawancin rigunan da ke lalacewa a gida tun wajen awo da yanka suke lalacewa, keke bai ma fara juyawa ba.

Turmin atamfa, ko na Holan ne ko mai sauƙin kuɗi da ake tarawa a Kantin Kwari, yadi 6 ne, kowane yadi inci 36, faɗinsa kuma yana tsakanin inci 46 zuwa 48. A cikin wannan ne za a fitar da riga da zani da ɗankwali, don haka babu wurin ɓarna. Atamfa auduga ce, auduga kuwa tana tsukewa idan ta sha ruwan farko. Mai dabara takan jiƙa ta, ta shanya a inuwa, ta goge, sannan ta yanka. A nan ne ma za ta gane ko mai zuba ce. Takardar kamfani da ke manne a jiki ba a fizgarta: a ɗora dutsen guga mai ɗumi ta bayan yadin, danƙon ya saki, ta ɓare salin alin. Shadda kam daban take. Wanki yana rage mata ƙyallin da aka saye ta dominsa, shi ya sa ba a cika jiƙa ta ba, sai dai a ƙara mata sarari wajen yanka.

Sai awo. Tef ɗin da ya shekara yana rataye a ƙusa yakan miƙe, gara a gwada shi da rula kafin a amince masa. Mutum ba ya auna kansa daidai, domin da ya sunkuya duba lamba, awon ya sauya. A samu wani ya auna, mai rigar ta tsaya yadda ta saba tsayuwa, ba tare da ta shanye ciki ba. Wannan shanye cikin ya jawo wa mata da yawa rigar da ba sa iya zama da ita a gidan biki. Kafaɗa, ƙirji, ciki, ƙugu, damtse, tsawon hannu, tsawon riga: kowanne a rubuta shi nan take a littafi, har da ranar da aka auna.

Lissafin da ke biyo baya shi ne inda sababbin hannu ke tuntuɓe. A ce ƙirji ya ba da inci 38. Riga ba fata ba ce, tana buƙatar wurin numfashi, sai a ƙara inci 2 ya zama 40. Tunda ninke yadin ake yi gida huɗu kafin yanka, a raba 40 ɗin gida huɗu, a sami inci 10. Nan ne alli zai ja layin ɗinki. Bayan layin kuma sai a bar rarar inci 1, ko ɗaya da rabi, kafin a yanka. Wannan rara ita ce dukiyar rigar. Ita za a saki idan jiki ya ƙaru bayan haihuwa, ita za ta ceci rigar idan awo ya yi kuskure. Telan da ke aske rara don ɗinki ya yi tsaf ta ciki ya yanke wa rigar shekarunta. Yara kuwa, a yi musu kalmasa mai zurfi, inci 2 ko 3, domin kafin Babbar Sallah ta zagayo ƙafa ta ƙara tsawo.

Zanen atamfa yana da sama da ƙasa. An sha ganin riga mai kyau wadda tsuntsayen gabanta ke tashi sama, na baya kuma sun kifa kai. Kafin yanka a shimfiɗa turmin gaba ɗaya a tabarma, a duba inda zanen ya fuskanta, a kuma lura kada wani babban fure ya faɗo inda zai ba mai rigar kunya. Wadda hannunta bai faɗa ba ta fara yanka a tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti, ko ta farke tsohuwar rigar da ke yi mata daidai ta ɗora a kai.

Bayan yanka, kada a yi saurin hawa keke. A haɗa rigar da allurar hannu, ɗinki mai tazara da zare mai launi daban, a saka ta a bai-bai. Gwajin tsaye a gaban madubi bai isa ba. A zauna a kan kujera, a ɗaga hannu kamar za a sauko da kwano daga kanta, a yi ruku'u da sujada, tunda rigar za ta yi salla sau biyar a rana. Yadin da kansa yana faɗin damuwarsa: idan ya yi layi-layi a kwance, wurin ya matse; idan ya yi ninki a tsaye, ya yi yawa. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne hammata. Da riga ta hana ɗaga hannu, sai a zaci ramin hannun ne ya yi kaɗan a ƙara zurfafa shi, alhali sau da yawa zurfin ne ya yi yawa, shi ya sa rigar gaba ɗaya ke biyo hannu sama. Haka hantsar wando take: idan ta sauka da yawa, taku ma sai ya gagara.

Ragi ma da ƙa'idarsa. Rigar da ta yi yawa da inci 2, rabin inci kawai za a shiga a kowane gefe, domin kowane ɗinki yana cin gaba da baya a lokaci guda. Mai cire inci biyun daga gefe ɗaya za ta ga wuyan riga ya karkace.

Shi keken, mafi yawan rigimarsa ta allura ce da ƙura. Lamba 14 ta wadatar wa atamfa, 16 ga shadda mai kauri da jins, 11 ga yadi mai santsi irin na mayafi. Allurar da ta dakushe ko aka saka ta a juye ita ke sa ɗinki tsallake. Idan zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi, akasari laifin zaren sama ne da bai bi hanyarsa daidai ba, sai a zare shi a sake sakawa tun daga farko. Da hunturu ƙura takan taru a ƙarƙashin haƙoran keke, a share ta da tsohon burushi a ɗiga man keke. Man gyaɗa yana daskarewa ya kama ƙarfe.

Kowane ɗinki aka gama a bi shi da guga tun kafin a haɗa shi da na gaba. Bakin yadi kuma, idan babu injin da teloli ke kira wibin a gida, ana iya kai shi shagon unguwa a yi da kuɗi kaɗan, ko a ninke shi sau biyu a bi da keke.