Inuwa Ita Ce Ma'aunin Mai Hoto

Ranar aure ba a maimaita ta. Idan hoto ya fito baƙi ƙirin, ko kuwa ya yi fari fat, wa zai sake tara mana dangi daga Roni da Gwiwa? Wayar hannu takan auna haske da kanta. Amma mai riƙe da babbar kyamara ya san farin yashi da fararen riguna sukan ruɗi ma'aunin haske, a tsohuwar kyamara kuma batirin ma'aunin yakan mutu. To, sai mu koma ga ido.

Abu biyu ke shigar da haske: faɗin ƙofar kyamara, da daɗewarta a buɗe. Mu fara da daɗewa. Mu duba lambar ISO, wadda dā ake kira ASA. In 100 ce, mu sa 1/125, watau lambar da ta fi kusa da ita. Sa'an nan mu dubi inuwar mutum a ƙasa, ita za ta faɗa mana lambar ƙofa.

In rana ta take, inuwa ta fito baƙa sarai, mu sa 16. A kan farin yashin Babura, ko a bakin dam na Kazaure inda ruwa ke ƙyalli, sai 22. In hazon hunturu ya sa bakin inuwa ya dushe, 11. In da ƙyar ake ganinta, 8. In hadarin Agusta ya rufe sama, babu inuwa ko kaɗan, 5.6. A gindin darbejiya kuwa, 4. Mu lura, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, kowane taki kuma yana ninka haske sau biyu.

Fuskokinmu baƙaƙe ne, saboda haka ya kyautu mu ƙara taki ɗaya: inda inuwa ta ce 16, mu sa 11. Kada mu ɗauki hoto da tsakar rana, gama idanu sukan ɓace cikin inuwar goshi da ta ɗankwali. Hantsi da la'asar sun fi. In muna shakka, fim yakan haƙura da yawan haske. Kyamarar zamani kuwa ta fi haƙura da ƙarancinsa.

'Yan'uwa, tun ran gini ran zane. Kullum mu kintaci lamba, mu ɗauka, mu rubuta a littafi, mu gwada da abin da ya fito. Kafin ranar biki ido ya saba.