Danna ɗaya, ma'ana biyu: zaɓen rubutu a gurbin adireshin intanet

1. Gabatarwa

Gurbin adireshi, watau barre d'adresse da Faransanci, shi ne layin da ke saman manhajar shiga intanet inda ake rubuta adireshin shafi. Wannan takarda za ta nuna cewa danna linzamin kwamfuta alama ce, kuma kamar kowace alama ta harshe, yarjejeniya ce ke ba ta ma'ana. Abin ya shafi ɗalibanmu da ke kwafo adireshi cikin kundin bincike.

2. Bambancin tsare-tsare

A kan Windows da macOS, danna ɗaya cikin gurbin kan zaɓe adireshin baki ɗaya, bisa zaton mai aiki sabon adireshi zai rubuta. A kan Linux kuwa, Firefox ya daɗe yana aza alamar rubutu a wurin da aka danna kawai.

Dalilin yana cikin tsarin X11, wanda ya fito a 1987. A nan, duk rubutun da aka zaɓa yakan shiga wata ma'ajiya nan take, sai a liƙa shi da maɓallin tsakiya na linzami. Da danna ɗaya ya zaɓe adireshin duka, da ya shafe abin da mutum ya ɗauko don liƙawa. Firefox 75, na watan Afrilu na 2020, ya daidaita Linux da sauran kamar haka:

(1) danna ɗaya: adireshi duka, ba tare da taɓa ma'ajiyar ba;
(2) danna biyu: kalma ɗaya;
(3) danna uku: adireshi duka, kuma ya shiga ma'ajiyar.

3. Inda abin ya shafi Hausa

Misali na (2) ya tada tsohuwar tambayar masana harshe: mece ce kalma? Ƙa'idar Unicode ta rabe kalmomi ba ta yanke kalma a alamar hamza in tana tsakanin haruffa biyu, amma tana barin ta waje in ita ce a farko. Mu duba:

(4) ƴaƴa (rubutun Nijar)
(5) 'ya'ya (rubutun Najeriya)

Bisa wannan ƙa'ida, (4) kalma ce cikakkiya, domin ƴ harafi ne guda. A (5) kuwa, hamzar farko na iya faɗuwa, a sami ya'ya.

Matsala ta biyu ta fi yawa. Gurbin yana nuna ƙ da ɗ yadda muka san su, amma in an kwafi adireshin duka, Firefox da Chrome kan mayar da ƙ ta zama %C6%99, ɗ ta zama %C9%97. Wannan ba kuskure ba ne: lambobin harafin ne a tsarin UTF-8. Ɗalibin da ya ɗauke su shara ya goge, ya lalata adireshin, mai duba aikinsa ba zai sami shafin ba.

4. Kammalawa

Shawararmu ita ce a zaɓe adireshi da Ctrl+L (Cmd+L a kan macOS), wanda ke aiki iri ɗaya ko'ina, a kwafe shi duka, a bar alamomin % yadda suke, sannan a gwada buɗe shi kafin a miƙa kundi.