Za ka gyara tankin kifi? Ga yadda za ka ajiye ruwan ba tare da asara ba

Yau Haɗejia muka nufa, garin da ko a ina ka ambace shi sai an tuna da kifi da shinkafa.

Wani mai bibiyarmu daga can ne ya turo tambaya. Yana da tankin siminti a bayan gida, da tarwaɗa 'yan wata uku a ciki. Tankin ya tsage, kullum ruwa na zurarewa, dole sai an kwashe komai an yi gyara. Ya ce: "Malam, ruwan nan in zubar ne ko in ajiye? In ajiyewa zan yi, a cikin me?"

Tambayar ta zo a kan gaɓa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗejia zuwa Nguru ta sauya, ga kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Shi ya sa ake samun masu komawa kiwon kifi a gida. Kuma ga mai ƙaramin jari, kwana biyu na sakaci sun isa su cinye wahalar wata uku.

To, mu fara da lissafi. Tanki mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin ruwa mita 1, lita 6,000 kenan. Shuɗin durom na roba yana cin lita 200. Ka ga sai ka nemo durom 30 kafin ka kwashe shi duka. Wa ke da su? Kuma ba ma buƙata. Abin da kake so shi ne ruwan da kifin za su zauna a ciki lokacin gyara, da ɗan ragowa na gaurayawa in za ka mayar da su.

Amfanin tsohon ruwa ɗaya ne: kifin sun saba da ɗuminsa da yanayinsa, ba za su gigice ba. Amma kar a ɗauka magani ne. Ƙwayoyin halitta masu amfani, waɗanda ke cinye gubar amoniya da ke fitowa daga kashin kifi, galibinsu a jikin bango da matata suke manne, kaɗan ne ke yawo a ruwa. Don haka ɗebi na sama, mai ɗan haske. Na ƙasa mai dagwalo da wari, kai shi lambu, taki ne mai kyau.

Sai mazubi, kuma a nan ne aka fi yin kuka. Yankinmu na noman shinkafa ne, kusan kowane gida akwai jarkar maganin ciyawa ko na ƙwari. Don Allah, ko sau goma ka wanke ta, kar ka zuba ruwan kifi a ciki. Roba tana shan magani, daga baya ta riƙa sakinsa a hankali. Haka durom ɗin fetur, gas ko baƙin mai. Na ƙarfe mai tsatsa ma a bar shi. Nemi wanda ka san ruwan sha ko kayan abinci kawai ya taɓa ɗauka. In a kasuwa ka saya ba ka san tarihinsa ba, ka jarraba da kifi biyu ko uku na kwana guda tukuna. Wanki kuwa da ruwa zalla, ko da ɗan gishiri, a ɗauraye sosai. Ban da omo, ban da sabulu, domin suna lahanta matsefatan kifi, wato inda yake shaƙar iska.

Ina za ka ajiye? A inuwa. Mun san zafin Afrilu da Mayu a Haɗejia, yakan haura digiri 40. Ruwa kuwa in ya yi ɗumi iskar da ke cikinsa raguwa take: a digiri 20 lita ɗaya na riƙe kusan miligiram 9 na iskar oksijin, a digiri 30 kuma wajen 7 da rabi. Ga shi amoniya ta fi yin illa cikin zafi. Lokacin hunturu kuma matsalar sanyin dare ce, sai a kare su daga iska.

Kar ka toshe bakin durom gam. Ruwan da ke da datti in aka rufe shi ruf, iskarsa ƙarewa take, ya fara wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. In ka ji wannan warin, ruwan ya tashi daga aiki. Rufe da raga ko gidan sauro, ka ɗaure da igiya. Raga na hana tarwaɗa tsalle, tana hana sauro yin ƙwai, don a cikin kamar kwana 7 zuwa 10 ƙwan sauro ya zama mai cizo. Abu mafi muhimmanci kuma, yara. Ƙaramin yaro na iya faɗawa durom da ka, ya kasa fitowa. A ɗora katako mai nauyi a kai, a bar gefe don iska, a kuma sa ido.

Su kansu kifin, ka tsayar da abinci kwana ɗaya kafin kwashewa, kuma a durom ka rage sosai. Kifi mai lafiya ba ya mutuwa don yunwar kwana biyu, amma gurɓataccen ruwa na iya kashe shi a dare ɗaya. Ware manya da ƙanana, don tarwaɗa na cin 'yan uwanta. Kar ka cunkusa su. Tarwaɗa tana iya hawowa sama ta shaƙi iska, shi ya sa take da juriya. Karfasa ba ta da wannan baiwar, ita sai da injin hura iska ko yawan sauya ruwa. Kullum ka rage kamar kashi ɗaya cikin uku, ka cike daga ajiyarka.

In ajiyar ta ƙare fa? Ruwan burtsatse ya fi aminci, amma yana fitowa da ƙarancin iska, sai a bar shi ya kwana a buɗe. Na famfo yana iya zuwa da sinadarin kulorin, a ba shi kwana ɗaya zuwa biyu. Na kogi kuwa yana iya kawo cuta, da ragowar maganin feshi daga gonaki, musamman da damina.

Yanzu ga inda mutane ke gaggawa. Sabon siminti yana sakin sinadari mai kaifi irin na farar ƙasa, wanda ke ƙona fatar kifi. Bayan magini ya gama, ka cika tankin, ka bar shi kwanaki, ka zubar, ka goge, ka sake cikawa, har sau da yawa. Aikin yakan ɗauki mako biyu ko fiye. Ka ga kenan durom ba zai riƙe kifinka tsawon wannan lokaci ba. In gyaran na siminti ne, tun kafin a fasa komai ka tanadi tankin tamfol, ko ka roƙi aron gurbi wurin maƙwabci.

Masu akwatin gilashi na kifin ado, ku ma haka ne. Ku ajiye soson matata da tsakuwa a jiƙe cikin tsohon ruwan, kar su bushe, kar a wanke su da ruwan famfo.

Ranar mayarwa, da sassafe ko da yamma. Fara sa kaɗan, ka duba su har washegari. In lafiya lau, sai ka riƙa zuba ruwan tankin cikin durom a hankali kamar na rabin awa, sannan ka sake sauran. Abinci sai gobe.

Ɗan'uwanmu na Haɗejia, Allah ya sa a yi gyara lafiya, ya sa albarka a kiwon. Wanda ya taɓa yin irin wannan aiki, ya faɗa mana yadda ya kaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, mu kwana lafiya.